Kashi na Goma Sha Ɗaya

Daren Alhamis a Kasala, bayan isha'i,
kakana Jatau kan jawo rediyo daga ƙarƙashin gadon igiya.
Batir huɗu, tun hantsi aka shanya su a rana
ko za su ƙara kwana.
Wayar eriya ta hau dalbejiya tana roƙon Umdurman.

Da fari shuuu, kamar Gash ya kawo ruwa,
sai ganga, sai murya mai kauri:
a shekarar da jiragen Italiya ke shawagi kan dutsen Taka
an tsinci mai gadin rumbun sojoji
kwance bayan tashar jirgin ƙasa,
makulli a tafinsa, takalmi ɗaya babu.

Da Larabci ake wasan.
Ni ke juya wa Gwaggo Tasalla,
wadda ta shekara arba'in a ƙasar nan
ba ta bar Larabci ya zauna mata a baki ba.
Takan ce, "Me ɗan sandan ya ce?"
In ce, "Bai ce komai ba, tari ya yi."
Shawish Abdurraziƙ ke nan,
ba ya tambaya sai ya yi tari biyu,
kuma duk wanda ya yi wa na uku
to ya fara sallama da iyalinsa.

Mako guda muna zargin Bagirke mai kanti.
Mako na gaba, akawun gidan waya
da ya ce yana barci, alhali fitilarsa na ci.
Maƙwabta sukan cika tsakar gida,
Sambo mahauci ya ci amanar kowa da baki,
ya rantse direban lori ne, ya sa akuya caca.
Daga baya na ji cewa dokin Shawish
ƙoƙo biyu ne ake bugawa a tebur.
Ban ji daɗin sanin ba.

Kakana ba ya zargin kowa.
Yana jan carbi, yana gyara musu kuskure.
"Ƙofar rumbun ta ƙarfe ce, ba haka take kuka ba."
Wani dare: "Babu wata a ranar. Ƙarya suke."
Wani dare kuma, can ƙasa-ƙasa:
"Dawa ce a buhunan, ba alkama ba.
Wa ya ga alkama a wannan shekarar?
Yara na lasar turmi."
Na ce, "Kaka, ai wasa ne, ina ka sani?"
Ya miƙo finjali.
"Ƙara mini jabana, ka rage citta."

Kashi na goma sha ɗaya, na ƙarshe.
Shawish ya tara su duka a ofishin tasha,
agogo na bugawa, wani ya ja kujera.
Ya yi tari ɗaya.
Ya yi na biyu.
Sai rediyo ya mutu.
Sambo ya zabura, ya jijjiga shi, ya zagi batir da uwar batir.
Ni ina kusa. Na ga babban yatsan kakana
yana komawa cikin hannun riga.

Da safe a layin burodi aka gaya mana:
akawun ne. An rataye shi, har da kiɗa.
Sambo ya rasa akuya.
Kakana ya ce, "To, sun huta,"
ya tafi lambu ban ruwan albasa.

Shekara tara bayan nan muka kai shi makwanci.
Da aka buɗe akwatinsa na kwano don rabon gado:
alkyabba, takardar haraji, kuɗin da aka daina karɓa,
sai wani abu nannaɗe a tsumman buhu.
Takalmin fata ne, na ƙafar hagu,
igiyarsa a ɗaure har yanzu.
Gwaggo ta karɓe kafin kowa ya gani da kyau,
ta ce na wani ɗan'uwa ne da ya rasu a hanyar Makka.

Ban juya wa kowa wannan ba.
Ni na wanke kakana.
Ƙafarsa ƙarama ce.