Sittin da Biyu cikin Ɗari

Kwalba goma sha biyu na jera a kan teburi,
kowace da sunanta manne a wuya:
Makera, ƙarƙashin gada. Kakuri, bayan masaƙa.
Nasarawa, inda ake wanki.
In ka kalla, duk ruwa ne.
Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Mahaifina ya yi shekara goma sha tara a sashen rini.
In ya dawo, tafin hannunsa ke gaya mana
launin atamfar da za ta shiga kasuwa:
yau shuɗi, jibi ja kamar gauta.
Masaƙar ta riga shi mutuwa.
Injuna sun yi shiru, ciyawa ta cinye ƙofa,
amma laka ba ta mantuwa.
Abin da aka zuba mata tana riƙe da shi
riƙon mai bin bashi.

Ni kuma makamina ɓawon gyaɗa.
Buhu biyu na roƙo wurin masu ƙuli-ƙuli a Tudun Wada,
suka yi dariya, suka ce,
“Boko ya ƙare, an koma kiwon awaki?”
Na ƙona shi a tanda har ya zama gawayi,
na daka, na tankaɗe, na wanke da ruwan tsami,
don ya buɗe ƙananan bakunansa
ya haɗiye dalmar da ke cikin ruwa.

Sau uku wuta na ɗaukewa tanda na tsakiyar ci.
Malam Bulus, mai kula da ɗakin gwaji,
ya san tarin janareta kamar na ɗan cikinsa.
Ya ce, “Sayo lita huɗu, zan lallashe shi.”
Kuɗin cefanen Laraba ya tafi cikin hayaƙi.

Daren da sakamako ya fito
ni kaɗai ce, sai ƙugin firji.
Na so casa'in.
Wata goma sha huɗu ina mafarkin casa'in.
Na'ura ta ce sittin da biyu.
Na sake aunawa. Sittin da biyu.
Ga kuma wani ɗigo guda a kan zanen
da ya ƙi bin layi,
ya koma gefe ya zauna kamar wanda aka ɓata wa rai.

Shida da tara, ai juyi ne kawai.
Babu mai gani.
Na ɗora yatsa a kan madannin gogewa,
har na ji sanyinsa.

Sai na tuna Gwaggo Lantana,
mai lambun alayyafo a bakin rafi,
wadda ta riƙe mini zane ranar da santsi ya kwashe ni.
Ta dubi kwalbata ta ce,
“'Yar nan, in kin auna, ki dawo ki faɗa mini
ko in ci gaba da ba jikokina.”

Na janye yatsa.

Da safe Dakta Asabe ta sauke tabarau,
ta daɗe tana kallon ɗigon nan mai taurin kai.
Na jira jan biro.
Ta kewaye shi, ta rubuta a gefe:
“Wannan daga ina? Koma ki tambaye shi.”

Kwalba ta bakwai ce.
Daidai inda Gwaggo ke tsoma bokiti.

Yanzu kundin yana wurin mai ɗauri,
baƙin bango, rubutun ruwan zinariya,
sunan Baba a shafi na uku.
Ni kuma ina cikin Keke Napep, mun nufi Kakuri,
da gawayi rabin buhu tsakanin ƙafafuna,
ina ta juya magana a baki:
yadda ake gaya wa tsohuwa
sittin da biyu cikin ɗari,
da inda sauran talatin da takwas ɗin ke tafiya.