Gadar Wenlow, Ƙarfe Takwas da Kwata

Shekara goma sha tara ke nan ina tsaye a bakin gadar nan,
riga ruwan ɗorawa, sanda mai kai kamar faifai,
ina tare motoci, ina tsallakar da 'ya'yan mutane.
Ina gane hancin mota kafin fuskar mai ita.

Don keken doki kakanninmu suka gina ta.
In tankar madara ta sako kai, sai bas ta ja da baya,
layi ya miƙe har ƙofar gidan burodi,
hayaƙi ya shige aljihuna, ya raka ni gida.

Yanzu an kafa allo a makiyayar Ivor Preece:
gidaje ɗari biyu da arba'in.
A hoton rana ta fito, yaro guda yana tuƙa keke,
mota ko ɗaya babu. Na sa tabarau na duba, babu.
Tumaki na gindin allon, su ma suna tasu tuƙar.

Daren Talata muka cika zauren coci,
ruwa na dukan taga, shayi ya huce a kofuna.
Yaron kamfani, takalminsa bai taɓa sanin taɓo ba,
ya ce sun yi lissafi:
minti biyu kacal za a ƙara wa tafiya.

Desmond Pugh ya dafa kujera ya miƙe.
Kowa ya san ranar da Glenys ta faɗi a kicin,
motar asibiti na kuka a bayan tarakta,
tana hango rufin gidan, ta kasa isa.
"Minti biyu," ya ce. Ya koma ya zauna.

Ni ma na yi magana, muryata na rawa.
Na ce ba a fafe gora ranar tafiya,
ku ba mu hanya tukuna, ku ƙaro likita,
aji guda yara talatin da huɗu, wa zai zauna a kan wa?
Aka yi tafi. Takarda ta zagayo, na sa hannu,
sunana na sittin da ɗaya.

Da na dawo, fitilar sama na kunne.
Nerys, 'yata, a ɗakin da ta yi yarinta,
ita da miji da jariri,
gadon yaron a matse tsakanin kabad da ƙofa.
Ta sauko ba takalmi, ta ɗora ruwan zafi,
ba ta dube ni ba ta ce,
"Akwai masu ɗaki biyu a cikinsu, Mama.
Mun rubuta sunanmu tun watan jiya."

Da safe na ɗaga sandata kamar kullum.
Motoci suka tsaya suna huci.
Ta huɗu a layi ta surukina ce,
ya ɗago min hannu ta gilashi,
na ɗago masa,
yara suka wuce ta tsakaninmu.