Taswirar da Gara Ta Ci

A bangon ajinmu, in har zana bango ce,
Mushe Saini ya rataye Nijar da igiyar kaba.
Ga Yamai, ga kogi kamar jijiyar hannu,
ga Damagaram, ɗigo baƙi.
Na ɗaga yatsa: Mushe, ina Magurfana?
Ya duba, ya sake dubawa,
ya aza sanda gabas da Mirriya
inda gara ta huda takarda.
Ya ce: ga ku nan, cikin ramin.
Aji ya kece da dariya,
ni kuwa na wuni da ƙashin jaki a wuya
don da Hausa na yi tambayar.

Da dare na kai ƙara wurin Iya Gaptiya.
Ta ture ɓawon gyaɗa, ta share ƙasa da tafi,
ta ce: miƙo tsinke.

Nan arewa, duwatsu uku masu goyon juna,
can kurar ƙarshe ta haihu.
Nan kudu kwari ne, rake da albasa,
da dabinon da ba a sanin masu shi sai ranar rabon gado.
Yamma tafkin kanwa, fari fat da bazara.
Gabas tudun rairayi, mai taku ɗaya a shekara,
ya cinye gonar Kiyari, bai ce ya ƙoshi ba.

Sai ta soka tsinken a tsakiya.
Nan raƙumar Maina ta gurfana da kayan mangul,
ta ƙi bulala, ta ƙi lallashi.
Ayari ya wuce Kano, shi ya zauna jinya.
Ya tona ƙasa don ya jiƙa mata maƙoshi,
gaba uku, ruwa ya amsa.
Raƙuma ta mutu, rijiya ta rayu.

Shekarunta ba su da lamba:
shekarar fara,
shekarar da aka kwashi maza fasa dutsen hanya,
shekarar da sikelin gyaɗa ya shigo kasuwa,
shekarar jar dawa a buhun taimako.
Da shekarar da kumandan ya ce lakwal na son yara goma,
mai gari ya ɓoye nasa cikin rumbu
ya tura ƴaƴan maƙera da na wanzamai.
Ta kyalkyale har da tari:
yau su ke buga hatimi a takardun jikokinsa.

Na kwafe duka a ardwazi.
Kafin in kai lakwal, rigata ta lashe rabin kudu.
Mushe ya karɓa, ya daɗe bai ce uffan ba.
Na miƙa tafi ina jiran bulala,
sai ya ɗora mini alli.
Da na gama, ya ce da Hausarsa mai ɗingishi:
gari naka akwai kyau.
Ya ɗauki ƙashin jakin, ya rataya a wuyansa.

Yau allin a hannuna yake.
Azuzuwa uku na siminti, ɗaya har yanzu zana,
sai an gama girbi muke samun rufi.
Tsohon ƙarfen mota ne dai ke kiran yara,
rairayi kuma ya iso bakin filin ƙwallo.

Jiya Fanna ta kawo salular yayanta,
ta ware yatsu biyu, ta ce: Mushe, ga mu!
Ga mu kuwa, an rubuta sunan a karkace,
babu rijiya, babu raƙuma.
Na ce: madalla, sa a aljihu.
Ku fito waje.
Wani ya samo mini tsinke.