Mai Riƙon Igiyar Awo

A Gadarif, bayan yankan riɗi,
aka ba ni bakin igiya in riƙe.
Injiniya Mu'utasim na can gaba,
ido ɗaya a madubi, hannu na kaɗa ni:
matsa gabas. Ƙara. Tsaya nan.

Nan ɗin murhun Haja Batula ne.

Takarda ta ce titi mita sha biyar,
kowane fili ashirin da ashirin,
akuya ta daina kwana a ƙofar gida.
Takarda ba ta san lungun nan ya karkace ne
don kakana ya ƙi sare aduwa ba,
ranar da guzurin Makka ya ƙare masa,
ya sauke kaya, ya shuka dawa.

Ban ce dokar banza ba ce.
Bara da damina motar asibiti ta tsaya bakin unguwa,
a gadon igiya muka fito da Sakina,
lungu ya ƙi ɗaukar mutum biyu a jere.

Haja ta dubi turken ƙarfe, ta dube ni.
"Ɗan Zulai, kai ne yau ka zama layi?"
Ta sauke tukunya, ta zuba mana shayi,
ta kwashe duwatsun murhu ɗaya bayan ɗaya,
taku bakwai zuwa cikin gida.

Na buga turken. Tokar da sauran ɗumi.

Da dare na buɗe taswira ina neman aduwa:
tsakiyar titi ta faɗa.
Gobe ma ni ke riƙon igiyar.