Abu Goma a Ɗaki Ɗaya

Ranar sadakar bakwai
aka ce in shiga ɗakin Baba in nemo takardar gida.
Ni ce babba,
ni ce kuma ba na gudun kyankyaso.

Mudansir, ɗan ƙanena, ya biyo ni,
ya zauna kan buhun littattafai a bakin ƙofa
da wayar da aka loda masa wasanni a Fam Santa.
Ya ce, Goggo, dubi wannan.
Ɗaki ne na Turawan da, cike da tarkace.
A ƙasa an jera sunaye:
mabuɗi, kyandir, wasiƙa, safar hannu,
agogon aljihu, gashin tsuntsu.
Abu goma, minti uku.
In ka gano ka dangwala, ya yi ƙyalli, ya ɓace.

Na ce ai na san ɗakin nan.
Ya yi dariya.
Wallahi na san shi.
Daga wani tsohon littafi aka ciro shi,
mai jan bango, wanda Baba ya hana a sayar
duk shekarun da yake shimfiɗa littattafai a Bata.
Da dare, nan Yakasai, in an ɗauke wuta,
ya kunna aci-balbal,
idonsa na bin Turanci, bakinsa na zubo Hausa
kamar mai ɗebo ruwa daga randa.
Muna cewa babu kalmar da ta taɓa tsayar da shi.

Na ɗaga katifa: rasiɗin kuɗin ruwa.
Na buɗe adaka: hula uku, carbi da ya tsinke,
tabarau mai ƙafa ɗaya an ɗaure da zare.
Gwangwanin madara cike da maɓallai.
Katin asibitin Murtala.
Babu wanda ya yi ƙyalli.

Shi kuwa yaro ya maƙale a kan wasiƙa.
Ya taɓa wata 'yar fitila a gefe,
sai haske ya kewaye bayan madubi.
Ya ce, kin gani? In abu ya gagara, ana ba ka haske.
Na dubi rufin ɗakin Baba.
Fanka a tsaye. Gizo-gizo na saƙarsa.

Can ƙasan akwatin ƙarfe, ƙarƙashin babbar rigar Juma'a,
sai ga jan bangon.
Na girgiza shi ko takarda za ta faɗo.
Ba ta faɗo ba.
Na buɗe.

Gefen kowane shafi rubutu ne da fensir,
ƙanana kamar jerin tururuwa.
Kalma an ja mata layi, kusa da ita Hausarta.
Wata an goge sau biyu har takarda ta kusa hujewa.
Wata an sa alamar tambaya,
an rubuta: a tambayi Malam Tanimu gobe.
A shafi na tamanin da huɗu:
kada a karanta wa Lantana nan, za ta yi kuka.

Ashe da rana yake haƙar rijiyar
da muke sha da dare.
Shekara arba'in
abin yana nan, ba a jera mini sunansa a ƙasa ba.

Daga tsakar gida Kawu ya ɗaga murya:
an samu?
Na ce tukuna.

Batirin yaro ya mutu a abu na tara.
Ya juya wayar, ya hura mata iska, ya haƙura.
Ya ce, Goggo, wai wasiƙar nan wa ya rubuta ta?
Wasan ba ya faɗa, nema kawai ake yi.

Na share ƙasa da gefen zane, na zauna.
La'asar ta kusa, taga na ba da ɗan abin da ya rage mata.
Na ce matso.
Na lashi yatsa,
na buɗe shafi na tamanin da huɗu.