Sashe na Tara

A Lima aka rubuta shi, layi biyu tak,
can ƙasan dokar murhu, inda ido ya gaji:
"Bayan shekara uku a je a auna.
In babu shaida, babu kuɗi."

Layi biyun nan suka zaunar da Wilmer Ticona
awa ashirin a bas, har Puno.
Ya hau tudu yana haki,
fom ɗari a hammata.

Gida na arba'in da ɗaya.
Fortunata Apaza na fere dankali.
Ga murhun gwamnati a lungu, sabo fil,
kaza na kwanci a bakinsa.
Tsohon na duwatsu kuwa sai ci yake.

"Don me, Mama?"
"Naku ba ya ɗumama ɗaki.
Tari sai da tsufa yake kisa.
Sanyi yau da dare zai zo."

Ya duba fom: ana amfani, ba a amfani.
Babu gurbin sanyi.
Mai tsara tambayar bai taɓa kwana nan ba.
Ya rubuta a gefe, da fensir.

Bayan wata shida kwamiti ya zauna.
Kashi sittin da ɗaya! Aka tafa.
Wata 'yar majalisa mai mura
ta tsaya a shafi na tamanin.
"A ƙara tambaya ɗaya a sashe na tara."
Ana cikin gardama aka tashi cin abinci.

A Puno kaza ta ƙyanƙyashe bakwai.
Fortunata ta iza wuta.