Awon Tela

Jikata Rumana ta ja ni da hannu
har filin kulob na bakin kogi,
nan Wad Madani, bayan isha'i,
an rataya farin ƙyalle a bango.
Ta ce, "Kaka, yau za ka ga Mantau."
Na ce, "Mantau yana Maiwurno kwance,
shekara sha tara ƙasa na kansa,
wa zai tono shi da wutar janareta?"
Ta ce in yi shiru, an fara nunawa.

Sai ga yaro dogo, kyakkyawa,
ya rungumi garaya kamar jaririn maƙwabta.
Jama'a suka ɗau tafi, ni ban ɗauka ba.
Shekara talatin ina awon mutumin nan,
tef ɗina ya san shi fiye da madubinsa.
Kafaɗar hagu ta sauka da yatsa biyu,
igiyar garaya ce ta cinye ta,
in ban rage hannun riga ba sai ya sha miya.
Wannan kafaɗunsa daidai kamar sikeli,
ba su san nauyin waƙa ba balle ratayawa.

Jallabiyar ma ba ɗinkinmu ba ce.
Aljihu ɗaya! Uku nake yi masa:
na goro, na kuɗi, da na ɓoye daga ciki,
inda yake cusa wasiƙun da bai iya karantawa,
ya kawo mini shago, ya sa ni rantsuwa.
Na rantse, don haka a nan zan tsaya.

Sun sa shi magana kamar mai huɗuba,
kowace kalma da rawaninta.
Mantau kuwa i'ina gare shi,
kafin ya gama cewa a zuba masa jabana
ta riga ta huce a finjali.
Sai ya taɓa tsirkiya harshen ke sakuwa,
ya gudana kamar Nilu a damina.
Wannan suka cire, wai kar a yi dariya.
Garin zare ƙaya sun zubar da kifin.

Ba su nuna bikin Sinnar ba,
da ya karɓi kuɗi ya yi barci a lori.
Ba su nuna bashina ba:
riga huɗu, jine saba'in,
yana nan a littafi, tawada ta dusashe.

Na yunƙura zan tafi, gwiwa ta ƙi.

Sai dare ya yi a kan ƙyallen,
gonar auduga, masu tsinka sun kewaye,
yaron ya zauna a bakin angarib.
Kafin ya buɗe baki ya sunkuya,
ya zare markub na ƙafar dama,
ya dafa ƙasa da tafin ƙafa tsirara,
ya jira. Ya jira har na ji haushin jiran,
irin haushin da nakan ji a da.
Wa ya gaya masa? Ba ya cikin kaset,
ba ya cikin hoton da ke shagona.
Mantau kan ce ƙasa ke ba shi sauti,
shi aro yake yi yana mayarwa.

Daga nan na ga kafaɗar ta sauka.
Ko ta sauka, ko idona ne ya kawo ruwa,
ban tambayi kowa ba.

A hanya Rumana ta ce, "Kaka, ya yi?"
Na ce, "Rigar aro ce, wuya ya yi faɗi,
tsawo ya zarce, ƙirji ya matse,
amma akwai ɗinki ɗaya a cikinta
da ba na iya warwarewa.
In ya zo Madani ki kawo shi shago,
in sa masa tef, in ba shi shayi.
In ya tsaya a kan shi ne Mantau,
littafi na nan, jine saba'in."